Yaron da ke hannun riƙo yana da koke a kan hukumar da ta ajiye shi: wa zai kai wa?

Maman Yasir ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon duk wanda ya san aikin kula da yara ko ya san doka ya taimaka min da abin da ya sani.

Akwai yarinya a hannuna, 'yar shekara 13, riƙo ta hannun hukuma. Ba zan faɗi sunanta ba, ba zan kuma faɗi sunan hukumar ba. Ba 'yar dangina ba ce. Kotu ce ta ɗauke ta daga gidansu ita da ƙaninta, aka tantance ni, aka kawo min ita. Shi yaron, mai shekara 8, wani gida dabam aka kai shi, domin a lokacin yaro ɗaya aka amince min. A takardar da muka sa wa hannu an rubuta cewa za a riƙa haɗa su duk wata, kuma da farko ana yi.

A haɗuwarsu ta ƙarshe yaron ya gaya wa yayarsa cewa duk daren da ya yi fitsarin kwance ana kulle shi a ɗaki har rana ta ɗaga. Ya nuna mata tabo a bayan cinyarsa, ya ce bel ne. Ta dawo gida ba ta ce komai ba sai da dare ya yi. Washegari muka sanar da jami'ar da ke kula da su, domin haka aka koya mana a horo, duk abin da yaro ya faɗa a gaya wa jami'arsa. Yarinyar da bakinta ta faɗa, ina zaune.

Abin da jami'ar ta yi shi ne ta buga waya gidan da yaron yake ta tambaye su. Suka ce daga keke ya faɗo, kuma yayarsa ce ke cusa masa maganganu. Tun daga ranar ba a sake haɗa yaran ba. Duk lokacin da na tambaya sai a ce ana duba lokacin da ya dace.

Na rubuta takardar koke zuwa ofishin. Amsar ta zo da sa hannun shugabar sashen, wadda jami'ar ke aiki a ƙarƙashinta, kuma sashen nan ne ya tantance wancan gidan ya amince da shi tun farko. Gajeruwar amsa ce: an duba, ba a sami abin damuwa ba, an gode da kulawata. Ba a ce wani ya je ya zauna da yaron shi kaɗai ba, ba a ce likita ya duba tabon ba, ba a kuma gaya min inda zan nufa idan ban gamsu ba.

Yanzu yarinyar ta daina yi wa jami'ar magana. Idan ta zo ziyara ta tambaye ta yaya gida, yaya makaranta, sai ta ce lafiya lau ta sunkuyar da kai. Ta ce min da ta sani da ta yi shiru, da yanzu tana ganin ƙaninta. Wannan maganar ta tsaya min a rai.

Ni ba so nake a kori kowa daga aiki ba. Tambayata ita ce, wa ke sa ido a kan hukumar kanta? Akwai wani ofishi a wajenta, wanda ba ya karɓar umarni daga shugabar sashen, da zai iya buɗe fayil ɗin ya je ya ga yaron? Sannan ita yarinyar tana iya kai koke da kanta, ba sai ta hannuna ba? Wannan ta biyun ta dame ni ta wata fuskar ma. Yau kukan a kan wani gida ne. To idan gobe ni ce na cuce ta, ko wani a gidana, wa za ta gaya wa? Wayar da take taɓawa tawa ce, ni nake kai ta ko'ina, ziyarar jami'a ma a falona ake yi ina kicin ina jin duk abin da suke faɗa. Na san ba zan cuce ta ba, amma hukuma ba ta da hanyar sanin haka sai abin da ni na nuna mata.

Maigidana kuma yana tsoron idan muka matsa a ɗauke ta daga hannunmu a ce mun cika fitina. Ko akwai abin da ke kare mu daga hakan?

Anti Rabi ta amsa:

Wa alaikumus salam Maman Yasir. Aikin nan nake yi, don haka bari in fara da abin gaggawa kafin masana doka su zo.

Abu biyu kika haɗa a takarda ɗaya. Hana yaran haɗuwa da irin amsar da aka ba ki, wannan koke ne, yana iya jiran makonni. Tabon bel a jikin yaro ɗan shekara 8 da kulle shi a ɗaki kuwa rahoton cutar da yaro ne, hanyarsa dabam, kuma ba ya jira. Ki kai shi yau ga sashen kare yara da ke karɓar rahoton gaggawa, ba ga jami'ar da ke riƙe da fayil ɗinsu ba. Idan babu irin wannan sashe, ko suka yi miki hanya-hanya, ki je wurin 'yan sanda ko ki kira layin taimakon yara. Ƙasashe da yawa a Afirka lambar 116 suke amfani da ita, a Turai kuma 116 111. Ba sai kina da hujja ba, neman hujja aikinsu ne.

Ki zauna ki rubuta abin da yarinyar ta faɗa da kalmominta, da ranar da ta faɗa, da waɗanda ke wurin, da inda ta ce tabon yake. Daga nan ki daina yi mata tambaya a kai. Idan ta kawo maganar ki saurara, amma kada ki tona, domin mutanen can sun riga sun ce cusa wa yaron magana ake yi. Duk tambayar da kika ƙara ana iya juya ta a ce ke kika kitsa.

Game da jami'ar: buga waya gidan da ake zargi kafin a ga yaron kuskure ne babba. Yaron ake fara gani, shi kaɗai, an fi so ma a wajen gidan, kamar a makaranta. Zan gaya miki yadda hakan ke faruwa, ba don in wanke ta ba. Gidajen riƙo sun yi ƙaranci. Jami'ar da ta sha wahala kafin ta samo wa yaro gida ta san cewa idan zargi ya tabbata, a daren sai ta nemo masa wani wurin kwana, kuma sau da yawa babu. Shugabarta ta san cewa sa hannun sashenta ne a kan takardar amincewa da gidan. Ba sai mutum ya zama mugu ba kafin zuciyarsa ta karkata ga amsar da za ta fi yi masa sauƙi. Shi ya sa ni da nake cikin aikin nake goyon bayan a sami na waje da zai riƙa duba mu.

Malam Lawal ya amsa:

Hajiya sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. Ki fara da abin da Anti Rabi ta ce. Ni zan taɓa tambayar wa ke sa ido a kan hukuma.

Abin da kike nema an daɗe da rubuta shi. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda duk ƙasashen majalisar suka tabbatar da ita in ban da Amurka, ta ce a sashe na 12 a saurari yaro a duk abin da ya shafe shi. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati nauyin yaron da aka raba da gidansu, ya ambaci riƙo, ya ambaci kafala ta shari'ar Musulunci. Sashe na 25 ya ce duk yaron da hukuma ta ajiye a wani wuri sai an riƙa bitar halin da yake ciki lokaci-lokaci. A 2009 kuma majalisar ta karɓi ƙa'idojin kula da yaran da ba sa hannun iyayensu, kuma su suka fi fayyace maganarki. Sakin layi na 99 ya ce yaro ya sami hanyar kai koke wadda ya san da ita, take aiki, kuma ba ta da ɓangare. Na 98 ya ce ya sami wani amintacce da zai iya gaya wa sirrinsa. Na 130 ya ce a kafa mai sa ido mai cin gashin kansa da zai iya shiga inda yara suke ya gana da su a keɓe. Ƙa'idojin nan ba doka ba ne da za ki kai ƙara kotu da su, amma ki ambace su a takardarki. Ofis yakan canza murya idan ya ga mai koke ya san abin da aka rubuta.

Sunan mai sa idon ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Norwe ce ta fara naɗa mai kare haƙƙin yara na ƙasa a 1981, Niyu Zilan ta naɗa kwamishinan yara a 1989, tsibirin Mauritius ya kafa nasa a 2003. Wasu jihohin Amurka suna da ofishin karɓar koken yaran riƙo kaɗai. Inda babu ko ɗaya, ki nemi hukumar kare haƙƙin ɗan'adam ta ƙasa ko hukumar karɓar koke-koken jama'a. Ki kuma tambaya tun a waya ta farko ko suna binciken koken mutum ɗaya, domin wasu kwamishinonin yara aikinsu duba manufofi ne, ba sa shiga shari'ar yaro guda.

Da yawa daga cikin ofisoshin nan bayan an yi ɓarna aka kafa su. A arewacin Wales, a Birtaniya, an shafe shekaru ana cin zarafin yara a gidajen reno. Yaran sun yi magana, ba a yarda da su ba. Wata ma'aikaciya da ta tattara maganganunsu ta kai wa 'yan sanda, ita aka kora daga aiki. Sai a shekarar 2000 kwamitin alƙali Ronald Waterhouse ya fitar da rahotonsa, kuma shawararsa ta farko ita ce a naɗa kwamishinan yara mai zaman kansa. A 2001 aka naɗa. Amma samun ofis kaɗai bai wadatar ba. Niyu Zilan da ke da kwamishina tun 1989, babban binciken da ta kammala a 2024 ya ƙiyasta cewa kimanin mutum 200,000 aka ci zarafinsu a hannun kulawar gwamnati da ta cibiyoyin addini tsakanin 1950 da 2019, har firaministan ƙasar ya nemi afuwa a gaban majalisa.

Zan ba ki misali da tsarin Ingila, ba don babu aibi a cikinsa ba, sai don matakansa a rubuce suke, za ki iya auna amsar da aka ba ki da su. Matakin farko, sashen da ake kuka da shi ya amsa cikin kwanakin aiki 10, ana iya ƙarawa zuwa 20. Idan mai koke bai gamsu ba, sai a naɗa mai bincike da ba ya cikin wannan sashen, tare da wani mutum na waje da zai bi binciken daga farko har ƙarshe, a gama cikin kwanakin aiki 25, ko 65 idan lamarin yana da sarƙaƙiya. Mataki na uku kwamitin mutum uku ne, dukkansu na waje. Bayan su akwai babban mai karɓar koke a kan ƙananan hukumomi. Yaron da kansa yana da ikon shigar da koke, kuma dole a nema masa mai magana da yawunsa idan yana so. Mai riƙonsa ma tana iya shigarwa. A wannan ma'auni, Hajiya, matakin farko kawai aka yi miki aka rufe ƙofa. Ki rubuta ki nemi a ba ki ƙa'idar koke ta hukumar a rubuce, ki nemi mataki na gaba.

Sai dai ki yi hattara da duk ofishin da aka ce miki mai zaman kansa ne. Ki bincika wa ya naɗa shugabansa, wa zai iya cire shi, daga aljihun wa kuɗinsa ke fitowa, ko yana iya shiga gida ba sanarwa ya buɗe fayil ba tare da neman izini ba, sannan rahotonsa ga majalisa yake zuwa jama'a su gani ko ga ministan da ake kuka da ma'aikatarsa. A Ingila jami'in da ke shugabantar bitar kowane yaro ana kiransa mai zaman kansa, amma hukumar da yake dubawa ce ke biyansa albashi, kuma an daɗe ana sukar hakan. A jihar Kaliforniya ofishin koken yaran riƙo a cikin ma'aikatar walwalar jama'a yake. A lardin Ontariyo na Kanada kuwa akwai ofishin mai kare yara da ke amsawa ga majalisa, gwamnati ta rufe shi a 2019 ta mayar da wani ɓangaren aikinsa ga babban mai karɓar koken jama'a. Ba ina cewa irin waɗannan ba su da amfani ba ne. Ki dai san da wa kike magana.

Abu na ƙarshe, yawancin masu karɓar koke shawara suke bayarwa, ba sa iya soke hukuncin kotu. Tunda kotu ce ta ɗauke yaran, ita ma mai sa ido ce, kuma ta fi kowa ƙarfi. Ki bincika ko an naɗa wa yaran lauya ko wakili a shari'ar. A Amurka wani alƙali a birnin Siyatil, David Soukup, ya fara naɗa 'yan sa-kai a 1977 don su bi yaro guda su gaya wa kotu abin da suka gani da idonsu, domin ya lura yana yanke hukunci a kan yara da ɗan abin da ke cikin fayil kawai. Idan yaranki suna da irin wannan wakili, a sanar da shi maganar tabon da maganar hana su haɗuwa.

Binta ta amsa:

Mama, ni a hannun riƙo na girma, gida fiye da ɗaya. Duk abin da Malam ya faɗa gaskiya ne, amma ina so in gaya miki yadda abin yake daga wajen yaro.

A ɗaya daga cikin gidajen an ba ni kati mai lambar wayar da zan kira idan ina da damuwa. Matar gidan ta karɓa ta manna shi a bango kusa da wayar falo, inda take zama kullum. A takarda ina da hanyar koke. Ban taɓa kira ba. Kuma duk ranar da jami'a za ta zo an san da zuwanta, a gyara ɗaki, a yi min magana mai daɗi tun safe. Ta zauna ta ce yaya gida, matar tana kai da kawowa a bayanta. Me zan ce? Ita za ta tafi, ni kuwa a nan zan kwana.

Abin da manya ba sa ganewa shi ne yaron riƙo yana lissafi kafin ya buɗe baki. Idan na faɗa ba a yarda ba, zan zauna da mutanen da suka san na kai ƙararsu. Idan aka yarda, za a zuba kayana a baƙar leda a kai ni gidan da ban sani ba, in bar makarantata da ƙawayena, kuma wataƙila can ya fi nan muni. Ta ko'ina ni ce a ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma idan faɗin yoyon zai sa a rushe ɗakin, shiru zai yi. Yarinyarki ta faɗa, aka raba ta da ƙaninta. Lissafinta ya nuna mata shiru ya fi, kuma ba za ki canza mata shi da lallashi ba sai ta ga sakamako dabam.

Wadda na fara gaya wa gaskiya wata mata ce 'yar sa-kai da aka haɗa ni da ita, ba ma'aikaciyar hukuma ba. Takan ɗauke ni mu fita mu yi tafiya a ƙasa. Jami'ai suna ta canzawa, ita ba ta canza ba. Tun ranar farko ta gaya min abin da za ta riƙe a matsayin sirri da abin da dole ta kai gaba idan na faɗa, don haka ranar da na faɗa na san abin da zai biyo baya. Bayan ta kai maganar kuma ta dawo ta gaya min wa ta gaya wa, me suka ce, yaushe za su zo. Wannan dawowar ita ce ba a yi wa yarinyarki ba.

Tunda kin tambaya idan ke ce kika cuce ta: ki nema mata irin wannan mutum, wanda ba ke kika zaɓa ba. Ranar ziyara ki fita daga gidan gaba ɗaya, ko ki ce su fita. Ki bar ta ta haddace lambar, kuma ta san malamar makarantar da za ta iya ara mata waya. Kada ki tambaye ta me suka tattauna.

Baban Khalifa ya amsa:

Hajiya, ni ma mariƙi ne, kuma zan faɗi abin da ba a so a ji. Ban ce yaron ƙarya yake ba, Allah ya kiyaye. Amma mutanen wancan gidan ba su cikin wannan zaure, kuma faɗuwa daga keke tana barin tabo.

An taɓa zargina. Wani yaro da na riƙe, na karɓe wayarsa saboda yana kwana a kanta, washegari ya ce wa malaminsa na mare shi. A ranar aka ɗauke shi. Aka yi watanni ba wanda ya gaya min inda bincike ya kwana, ba wanda zan kira, jami'ar da muke aiki tare ta daina ɗaukar wayata wai an hana ta. A ƙarshe aka rubuto min cewa zargi bai tabbata ba. Ba a ce ban yi ba, an ce bai tabbata ba, kuma haka yake a fayil ɗina har yau. Na san mutanen kirki da suka bar riƙo saboda irin wannan, yaran da za su riƙe kuma suna can suna jiran gida.

Ba na adawa da mai bincike na waje, da shi aka sa a lamarina da na fi samun natsuwa. Abin da nake cewa shi ne a sa masa wa'adi, ya ji kowane ɓangare, ya fito da matsaya bayyananniya, kuma a sami wanda zai tsaya wa mariƙi shi ma. Shawarata gare ki, a duk takardar da za ki rubuta ki tsaya a kan abin da kika ji da abin da hukuma ta kasa yi. Kada ki rubuta cewa sun doke shi, domin ba ki gani ba.

Maman Yasir ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Anti Rabi, a ranar na kai rahoton. An gaya min jami'ai daga wani sashe dabam sun je makarantar yaron sun gan shi shi kaɗai, kuma likita ya duba shi. Sakamakon sun ce ba za su iya gaya min ba tunda ba a hannuna yake ba, na kuma fahimci hakan.

Baban Khalifa, na karɓi shawararka a kan rubutu, haka na yi. Abin da ya same ka bai yi daɗi ba. Amma akwai inda ban bi ka ba. Kai da aka zarge ka kana da baki, kana da waya, kana iya ɗaukar lauya, ga shi har ka zo nan ka ba mu labari. Yaro ɗan shekara 8 yayarsa kawai yake da ita, ita ma an raba su. Idan za a yi kuskure kafin bincike ya kammala, na fi so a yi shi ta wajen kare yaro, ko da ni ce za a zarga.

Binta, 'yata, maganarki ta fi shiga ta. Na sami ofishin mai kare haƙƙin yara, na kira, suka ce suna so su ji daga bakin yarinyar. Da farko ta ƙi. Na gaya mata ba dole, kuma ba zan kasance a wurin ba. Daga baya ta ce za ta rubuta da hannunta, ta rubuta ta liƙe ambulan, ban karanta ba. Na kuma nemi a haɗa ta da mai ziyara na waje.

Har yanzu dai ba a haɗa ta da ƙaninta ba. Kuma shugabar sashen ta kira ni a waya, cikin ladabi, ta ce za su sake duba ko zaman yarinyar a gidana ya dace da ita. Malam Lawal, abin da maigidana ke tsoro ke nan. Me zan yi?

Malam Lawal ya sake amsawa:

Hajiya, kada ki bar maganar a waya. Yau ki aika mata da saƙon imel ko wasiƙa ki ce, a rana kaza da ƙarfe kaza kin kira ni kin ce kaza, ina neman a rubuto min dalilin sake dubawar, da wanda zai yi ta, da ranar da za a yi. Ki tura kwafi ga ofishin mai kare haƙƙin yaran da ga lauyan yarinyar ko wakilinta a kotu, ki nuna musu ranar da kika kai rahoto da ranar da aka kira ki, su ga tazarar da kansu. Ba sai kin ce ramuwa ce ba.

Ki nemi kada wanda kika yi kuka da sashensa ya shugabanci zaman, kuma a ji ra'ayin yarinyar a keɓe a rubuta shi kafin a yanke komai. Ƙa'idojin 2009 suna bayanki a nan ma: sakin layi na 60 ya ce yawan sauya wa yaro wurin zama yana cutar da shi, a guje masa, na 17 kuma ya ce ba a raba 'yan'uwa sai da dalili mai ƙarfi, idan an raba su a yi iya ƙoƙari su riƙa ganin juna. Maganar haɗuwar, lauyan ya kai ta gaban alƙali ya nemi a sa rana, kada a jira koken ya ƙare. Idan kuma ke da maigidanki kuna da hali da wuri, ki rubuta a wasiƙar cewa kuna neman a sake tantance ku don riƙon yara biyu.